Yadda muka zaɓa wa Inna maganin mantuwa, da yadda muke ba ta shi

Mahaifiyarmu ta haura shekara saba'in, kuma a unguwarmu cikin birnin Katsina an san ta da riƙon lissafi. Ita ce uwar adashin matan layinmu. Ba ta taɓa rubuta komai ba, amma ta san wadda ta zuba da wadda ta yi fashi. Ta nan muka fara ganin canji, don wata rana ta ba mace ɗaya ɗauka sau biyu, ta kuma rantse ba ta yi ba. Daga nan gishiri ya riƙa shiga miya sau biyu. Takan tambaya ko an ba awaki ruwa, a amsa mata, kafin a ɗaga ƙafa ta sake tambaya. Ta idar da La'asar ta juyo ta tambayi jika ko ta yi salla. Sunayen mutanen da suka rasu tun zamanin Sarki Usman Nagogo kuwa suna nan a bakinta tsaf, har da na 'ya'yansu.

Dangi suka ce gigin tsufa ne, a yi haƙuri. Wasu suka ja ni gefe suka ce a bincika ko hannu aka sa mata. Ni ce babbar 'yarta mace, ina aure a wata unguwa, ƙanena da matarsa ke zaune da ita, saboda haka kai-komon asibiti ya faɗo kaina. Tsufa kan kawo 'yar mantuwa, kowa ya sani. Amma idan mantuwa ta raba mutum da aikin da ya shekara arba'in yana yi ba kuskure, ta zama ciwo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum sama da miliyan 55 ke fama da shi, fiye da kashi 60 cikin 100 a ƙasashe irin namu, kuma nau'in da ya fi yawa shi ne cutar Alzaima, wadda wani likita Bajamushe mai wannan suna ya fara bayyanawa a 1906.

A Katsina muna da Asibitin Koyarwa na Tarayya, wanda har yanzu mutane ke kira Medikal Santa, muna da babban asibitin jiha, wasu kuma kan wuce Kano ko Kaduna. Samun likita bai ba mu wuya kamar shawo kan Inna ba, don da ta ji an ce likitan ƙwaƙwalwa ta ce ita ba mahaukaciya ba ce. Ta wurin likitan da ke duba mata hawan jini muka bi, shi ya rubuta takardar turawa, ya kuma gaya mata da bakinsa cewa hawan jini da suga suna taɓa jijiyoyin kai, ya kamata a duba. Maganar gaskiya ce, kuma ita ta karɓa.

Gwajin farko hira ce. Akwai gwaji mai maki 30 da likitoci suka saba yi, amma yana buƙatar karatu da rubutun boko, Inna kuwa allo ta yi. Sai likitan ya bi da ita ta wata hanya. Ya karanto mata kalmomi ya ce ta riƙe, zai tambaye ta anjima. Ya ce ta lissafo dabbobin da ta sani cikin minti ɗaya. Ya jera tsinken ashana ya ce ta jera irinsa. Ya tambaye ta wace rana ce yau. Bayan nan ya ɗauke ni gefe ya yi mini tambayoyi a kan girki, kuɗi, wanka, hanya, barci, da ko tana yawan kuka ko ƙin shiga mutane, domin damuwa mai tsanani a jikin tsoho kan yi kama da mantuwa. Ranar bai rubuta ƙwaya ko ɗaya ba. Ya rubuta gwajin jini, na ƙoda da hanta da suga da bitamin B12, da na tayirod, halittar nan ta wuya da ke zama maƙoƙo idan ta kumbura. Ya ƙara da gwajin zuciya na ECG da hoton kai. Sannan ya ce: "In za ku dawo ku zo mini da duk abin da Hajiya take sha, har wanda kuke ganin ba magani ba ne."

Matar ƙanena ta bi ɗakin lungu-lungu: ƙarƙashin katifa, cikin kwalla, saman kabad, aljihun jakar Makka. Leda ta cika. Da aka zazzage ta a teburin likita ni kaina jikina ya yi sanyi. Akwai amlodipine da atenolol na hawan jini. Akwai metformin da glibenclamide na suga. Akwai amitriptyline da aka taɓa rubuta mata a wani asibiti saboda zafin tafin ƙafa, ta ci gaba da saye a kemis shekara da shekaru. Akwai Piriton da take sha kowane dare don ya sa ta barci, da diazepam na daren da Piriton ya ƙi aiki, da diclofenac na ciwon gwiwa. Abin da ya fi tsorata ni shi ne kwalin amlodipine guda biyu na kamfanoni daban-daban, launi daban, tana shan duka biyun a zaton magani biyu ne. Jirin da take yi da safe ke nan, wanda muka daɗe muna ɗora wa rashin karin kumallo.

Likitan ya ware su gida-gida, ya yi mana bayani a natse. A cikin ƙwaƙwalwa akwai wani sinadari, asetilkolin, da jijiyoyi ke amfani da shi wajen miƙa wa juna saƙo, musamman na tuna abu. A cutar Alzaima yana raguwa. Piriton da amitriptyline kuwa aikinsu ya haɗa da toshe wannan sinadari, shi ya sa suke busar da baki, su ɗaure ciki, su sa tsoho gyangyaɗi da ruɗewa. Magungunan mantuwa suna ƙoƙarin ƙara shi ne. In aka ba ta su tana kan waɗancan, ana tufka ana warwara. Diazepam yana dusashe tunani, yana kuma kayar da tsofaffi. Glibenclamide yana iya faɗar da suga ƙasa warwas, balle ga wadda kan manta ko ta ci abinci, kuma faɗuwar suga tana zuwa da ruɗewa da gumi da makyarkyata. Diclofenac yana cin ciki, yana wahalar da ƙoda, yana ɗaga hawan jini. Atenolol kuma yana rage gudun zuciya, bugun nata ranar 56 ne a minti, maganin mantuwar da ake shirin ba ta shi ma yana rage shi.

Saboda haka aikin farko ragewa ne. Piriton da diclofenac da glibenclamide da kwalin amlodipine na biyu suka fita ranar. Paracetamol ya maye gurbin diclofenac. Diazepam da amitriptyline da atenolol kuwa ya ce kada mu kuskura mu yanke su lokaci ɗaya, jiki ya saba da su, yankewa farat ɗaya na iya jawo rashin barci mai tsanani, ko bugun zuciya ya hau, ko ma farfaɗiya a wajen diazepam. Ya rubuta mana yadda za a riƙa ragewa mako-mako. Gwajin jini ya nuna B12 ɗinta ya yi ƙasa, abin da kan faru ga wanda ya daɗe a kan metformin, aka sa ta a allura. Don barci ya ce a daina ba ta goro da shayi daga La'asar, ta riƙa fitowa tsakar gida da hantsi, a rage mata barcin rana.

Makonnin nan sun yi wuya. Dare ya yi ta nemi ƙwayarta ta barci, a ce likita ya hana, ta ce to ita ta haifi likitan ko shi ya haife ta. Matar ƙanena ta sha zama da ita har tsakar dare tana matsa mata ƙafa. Amma kafin wata biyu mun ga wata Inna daban. Gyangyaɗin rana ya tafi, jiri ya tafi, ta koma sauraron rediyo tana sharhi. Har wasu suka ce ai ta warke. Da aka maimaita gwajin ashana da na kalmomi ta ɗan ɗara na farko, sai dai mantuwar abin da ya faru yanzu-yanzu tana nan. Hoton kai ya nuna alamar ƙananan jijiyoyin jini da hawan jini ya lalata. Likitan ya ce abin da ya fi rinjaye Alzaima ce a matakin farko, haɗe da matsalar jijiyoyin jini.

A nan aka zo zaɓen magani, kuma na ji daɗi da ya juya kujerarsa ya fuskance ta ita, ba ni ba. "Hajiya," ya ce, "akwai maganin da zan ba ki, amma ba ya warkarwa." Ta dube shi ta ce, "To likita, in ba ya warkarwa mi ye amfaninshi?" Ya ce yana iya riƙe mata tunani da natsuwa na wani lokaci, ga wasu ana ganin bambanci, ga wasu ba a gani, sai an gwada. Daga baya na karanta cewa idan aka haɗa binciken da aka yi a kan donepezil, abin da yake ƙarawa a matsakaici bayan wata shida kusan maki 1 ne a gwajin nan mai maki 30. Kaɗan ne. Ina faɗin wannan ne domin na ga iyalai suna sayar da kadara a kan zaton tsohonsu zai dawo yadda yake, kuma ba wanda ya zaunar da su ya gaya musu iyakar abin da ƙwayar za ta iya.

Magunguna uku ne na wannan mataki, duk aikinsu ɗaya, hana asetilkolin saurin lalacewa: donepezil, rivastigmine da galantamine. Na huɗu, memantine, hanyarsa daban ce, an fi ajiye shi sai ciwon ya kai matsakaici ko ya yi nisa, ko ga wanda jikinsa ya ƙi waɗancan. Rivastigmine yana zuwa a filasta da ake liƙawa a baya ko ƙirji a sauya kullum, yana da sauƙi ga ciki. Na so shi da farko, don ba sai an yi fama da haɗiya ba. Likitan ya tuna mini da zafin Katsina, inda a bazara ake haura digiri 40, gumi na iya ɓamɓare ta. Ya ƙara da haɗarin a manta da ta jiya a liƙa ta yau, magani ya ninku a jiki, ga tsada da wuyar samu. Donepezil sau ɗaya ake sha a rana, an daɗe da saninsa tun da Amurka ta amince da shi a 1996, kuma shi ya fi sauƙin samu a manyan shagunan magani. Kafin ya rubuta sai da ya sake duba zuciya, bugun ya dawo saba'in da wani abu bayan cire atenolol. Ya tambayi ko tana da asma, gyambon ciki, farfaɗiya, ko ta taɓa suma.

Yayanmu da ke Abuja ya turo labarin sabuwar allura, lecanemab, da aka amince da ita a Amurka a 2023, ya ce ko nawa ne a nema. Na kai wa likita. Ya ce ƙarin ruwa ne duk mako biyu, a gwajin da aka yi ya rage saurin lalacewa da kashi 27 cikin 100 a wata 18, yana iya kumbura ƙwaƙwalwa ko ya sa ta zubar jini, dole a riƙa ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa na MRI akai-akai, kuma kuɗin maganin kaɗai dala 26,500 ne a shekara. Yaya ya yi shiru. Ya ɗauki nauyin sayen donepezil wata-wata, wanda shi ne taimakon da muke buƙata.

Aka fara da miligiram 5 da dare. Kwanakin farko ta yi tashin zuciya kaɗan, ya wuce. Abin da bai wuce ba mafarki ne. Takan farka tana cewa ta ga mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ko ta ga ruwa ya ci gari, ta kasa komawa barci. Da a gidan da ba a yi musu bayani ba ne, nan take za a ce iska ce. Mu an gaya mana tun farko cewa donepezil kan kawo mafarkai masu ƙarfi. Na kira likita, ya ce a mayar da shi safe bayan karin kumallo, mafarkin ya lafa. Bayan fiye da wata guda ya ɗaga zuwa miligiram 10, yadda aka saba. Wannan jikinta ya ƙi: gudawa, ƙin abinci, ɗaurewar sha-raɓa da dare, zanenta ya fara yi mata yawa. Wata maƙwabciya ta kawo Buscopan don murɗar ciki, matar ƙanena ta karɓa ta yi godiya ta ajiye, don shi ma yana cikin masu toshe asetilkolin. Likita ya mayar da ita miligiram 5, a nan take har yau. Ya ce biyar da take sha tana cin tuwonta ya fi goma da zai ramar da ita. Ya kuma gargaɗe mu cewa maganin kan sa yawan fitsari, in hakan ta faru a dawo wurinsa, kada a je a karɓo oxybutynin, maganin rage yawan fitsari, don shi ma rushe aikin donepezil yake yi.

Rubuta magani aikin minti biyar ne. Wahalar tana gida. Hausawa sun ce hannu da yawa maganin ƙazamar miya, amma a shan magani hannu da yawa shi ne haɗarin. Gidanmu babba ne, jikoki na shige da fice, kowa yana son ya yi wa Inna hidima. Ta sha ƙwaya, bayan rabin awa ta manta, ta kira yaro ya miƙo mata, yaro kuma ba zai yi wa kakarsa musu ba. Muka zauna mu 'ya'yanta muka yanke cewa mutum ɗaya ne zai riƙa ba ta magani, matar ƙanena, in ba ta nan sai ƙanena, ban da su ba kowa, har ni. Duk magani ya koma akwatin ƙarfe mai kwaɗo a ɗakinsu, nesa da taga da wurin girki, don yawancin kwalayen an rubuta kada zafi ya wuce digiri 25 ko 30. Na sayo akwatin roba mai gida-gida na kwana bakwai, safe da dare, muka liƙa masa sunayen ranaku da ajami don ta iya karantawa. Duk Juma'a bayan an sauko masallaci nakan je in cika shi, matar ƙanena tana duba takardar likita tana karanto mini. Ba mu bin agogo, salla muke bi: na safe bayan ta sha koko, na dare bayan Magariba da tuwo.

Ranar da aka kwashe magunguna daga ɗakinta Inna ta yi fushin da ban taɓa gani ba. Matar da makullin ɗakin ajiya ya shekara hamsin a haɓar zanenta, yau an kulle mata abu a gidanta. Ta yini ba ta yi wa surukarta magana ba. Bayan 'yan kwanaki aka tsinci ƙwayoyi a ƙulle a gefen ɗankwali, tana karɓa tana ɓoyewa. Mun yi tunanin niƙawa a zuba a kunu, famasis ɗin da muke saye wurinsa ya ce kada mu yi ba da izinin likita ba, wasu ƙwayoyin an yi su ne su narke a hankali, kuma ranar da ta gane za ta ƙi kunun ma. Abin da ya yi aiki shi ne mayar mata da abin hannunta. Ana kawo mata akwatin robar, ita ke karanta ranar, ita ke buɗewa, ta yi bisimilla ta sha, ta kora da ruwa kofi guda, surukarta na zaune suna hira har ta ga ta haɗiye. Sannan ita da kanta ta ja layi a littafi. In anjima ta ce ba a ba ta ba, ba a ce mata ta manta, littafin ake miƙa mata ta ga layin da hannunta ya ja. In ta ƙi sha, ba a jayayya, a bar ta, a dawo bayan ɗan lokaci da wata hirar.

Littafin na 'yan makaranta ne mai shafi tamanin. A bangon farko akwai jerin magungunanta, ƙarfin kowanne da lokacinsa da dalilin shansa, kwafi ɗaya kuma yana jakar kowannenmu da wayoyinmu. A ciki ake rubuta awon jini da bugun zuciya da na'urar gida ke nunawa, awon suga, abin da ta ci, da duk wani sabon abu. Nauyinta ana aunawa wata-wata. Dokokin likita na rubuta da jan biro: in bugun zuciya ya sauka ƙasa da 50, ko ta suma, ko ta yi baƙin bahaya, ko amai ya ƙi tsayawa, a dakatar da donepezil a tafi asibiti. In an manta shan rana ɗaya, gobe a ba da ɗaya kamar kullum, ba a ninkawa. In aka yi kamar mako ba ta sha ba, sai an tuntuɓe shi kafin a ci gaba. Duk likitan da zai rubuta mata wani abu, ko na zazzaɓi ne, ko za a yi mata aiki, a fara nuna masa jerin, domin wasu magungunan kashe ƙwayoyin cuta da na maleriya suna taɓa bugun zuciya.

Wajen saye shago ɗaya muka riƙe, mai famasis a ciki. Ina duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, in kwalin na da wurin kankarewa in kankare in aika lambar. Tun daga 2023 da naira ta faɗi kuɗin magani ya tashi, kuma akwai watan da donepezil ya yanke a shagon sai daga Kano aka kawo. Tun lokacin ba ma bari ya rage ƙasa da na mako biyu ba mu sayo wani ba. In kamfani ya sauya, launin ƙwaya ya sauya, nakan nuna wa Inna da surukarta kwalin biyu a gama tsoho kafin a buɗe sabo.

Sai 'yan dubiya. Duk wanda ya zo da ƙauna ya zo, kuma kusan kowa da maganinsa. Kawunmu ya kawo gari a ƙullin leda daga wani mai magani a kasuwar ƙauye, ya ce ya buɗe wa wani tsoho ƙwaƙwalwa. Wata 'yar'uwa ta kawo kwalbar ginkgo, wani maganin ganye mai tsada, daga masu tallan maganin ƙari. An gwada ginkgo a kan tsofaffi sama da 3,000 a Amurka, sakamakon da ya fito a 2008 ya nuna bai hana ciwon mantuwa ba, kuma yana iya ƙara zubar jini ga mai shan asfirin. Ba zan iya gaya wa Kawu haka kai tsaye ba. Na durƙusa na ce, "Kawu, Allah ya saka da alheri. Likita ya ce zuciyarta ba ta son haɗi, ku bar shi a hannuna sai na nuna mashi." Matsayarmu ita ce addu'a da tofi da karatu, a yi mata iya yi, muna so, ita ma hankalinta na kwanciya da su. Zuma kaɗan saboda suga. Amma abin da ba mu san me ke cikinsa ba, ba ya shiga bakinta.

Wani dare da damina ta rikice gaba ɗaya cikin 'yan sa'o'i. Ba ta gane ɗakinta ba, tana haɗa kaya wai za ta gidansu, ta ture jikarta. Wani mai yin allura a unguwa ya ce a bari ya yi mata ta barci. Ƙanena ya ƙi, don likita ya riga ya gaya mana cewa ciwon mantuwa a hankali yake tafiya, duk ruɗewar da ta zo dare ɗaya a nemi wani ciwo a jiki: zazzaɓi, ciwon mafitsara, ƙarancin ruwa, faɗuwar suga, ko ɗaurewar ciki. Ya auna suga, lafiya. Jikinta da zafi. A asibiti aka gano ciwon mafitsara ne, aka ba ta magani, cikin kwanaki ta dawo hayyacinta. Magungunan kwantar da masu taɓin hankali irin su haloperidol da risperidone suna ƙara haɗarin shanyewar ɓarin jiki da mutuwa ga tsofaffi masu ciwon mantuwa, hukumar magunguna ta Amurka ta fara gargaɗi a kan haka tun 2005. Akwai inda likita zai ga ba makawa, ya ba da kaɗan na ɗan lokaci yana sa ido. Abin da ke ƙona mini rai shi ne yadda ake ɗirka wa tsofaffi irin waɗannan a gida don kawai mutane su samu barci, tsoho ya yini a kwance yana dalalar da miyau a ce ciwo ne ya ci ƙarfinsa.

Azumi ya faɗo cikin bazara, kuma Inna ba ta taɓa shan azumi ba sai da lalurar mata. Donepezil ba shi ne matsala ba, sau ɗaya ne, ana iya mayar da shi buɗa-baki. Matsalar suga ce da ƙishirwa, ga shi takan manta ta yi sahur ko ba ta yi ba. Likita ya ce bai ba da shawara ta yi ba. Maganarsa ba ta shige ta ba sai da limamin unguwarmu, wanda take ganin girmansa, ya zo har zaure ya gaya mata Allah ya sauƙaƙa wa mara lafiya da tsoho, ta ciyar. Muka bar mata awon hatsin ciyarwar a hannunta, kullum da hantsi ita ke aunawa ta faɗi gidan da za a kai. Lokutan maganinta ba su motsa ba duk watan.

Da aka koma bita bayan wata shida, makinta bai hau ba, bai kuma sauka ba. Likita ya ce a ciwon da ɗabi'arsa gangarowa ce, tsayawa wuri ɗaya riba ce, amma ba zai iya rantsewa nawa ne aikin donepezil, nawa ne na magungunan da aka cire, nawa ne na B12 da daidaituwar hawan jini ba. A gida abin da muke gani shi ne tana bin hira, tana gane baƙi, tana salla da jika a gefenta yana riƙe mata ƙirga. Adashi kam ta miƙa wa wata. Tambayar awaki tana nan.

Na tambaye shi yaushe ake dainawa. Ya ce ba don an ga ciwo ya ƙaru ake yankewa ba, wani bincike da aka yi a Birtaniya, wanda ya fito a 2012, ya nuna waɗanda aka cire wa donepezil bayan ciwon ya yi nisa sun fi saurin lalacewa a kan waɗanda suka ci gaba. Ana dainawa ne in illarsa ta fi amfaninsa, ko haɗiya ta gagara, kuma shi zai tsara yadda za a yi. In ta kai matakin tsakiya zai duba ƙara memantine, wanda ake farawa da miligiram 5 a riƙa hawa mako-mako zuwa 20, bayan an sake gwada ƙoda. Ya kuma ba mu shawara mu tambaye ta tun yanzu da take iya faɗa, wa take so ya riƙa yanke mata shawarar magani in ta kai ba ta iyawa. Mun tambaye ta a gaban Kawu da Yaya. Ba ta faɗin sunan Yaya, ɗan fari ne, sai ta nuna shi da haɓa ta ce shi ya biya, ni in je wurin likita, surukarta ta riƙe makulli. Kawu ya ce a rubuta, aka rubuta a bangon baya na littafin, kowa ya sa hannu.